Me Ya Sa Ba a Rubuta Komai Ba? Sharhi kan Kundin Bayanin Cibiyar Django

Akwai wani ƙorafi da ba ya tsufa a tsakanin masu koyon gina shafukan intanet. Mutum ya ɗauki Django, ɗaya daga cikin fitattun kayan aikin wannan sana'a, ya ji ana ta yabon kundin bayaninsa, ana cewa da wuya a sami kamarsa. Ya yi 'yan watanni yana aiki lafiya lau, sai wata rana wata tangarɗa ta ja shi har cikin foldar da ake kira django.core. A nan sai ya ci karo da wani sashe mai suna handlers, wanda duk buƙatar da ta shigo shafinsa sai ta ratsa ta cikinsa kafin a ba ta amsa. Ya koma kundi neman bayani, ya tarar ba a ware wa sashen shafi ba, sai dai sunansa da ke giftawa nan da can.

Daga nan ra'ayi yakan rabu. Wasu su ce sakaci ne irin na aikin sa-kai, wanda kowa ke yin abin da ya ga dama. Wasu su ce ai abin ba shi da wuya, a sa na'ura ta bi kod ɗin layi-layi ta fitar da bayanin komai, kowa ya huta. Ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa aikin kundi bai wuce kwatanta abin da ke akwai ba. To amma a Django kundin yana ɗauke da wani nauyi na biyu wanda ya fi na farkon girma: shi ne ke shata iyakar abin da masu kula da manhajar suka yi alkawarin ba za su sauya shi kwatsam ba.

## Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Kod shi ne rubutaccen umarnin da kwamfuta ke bi, cikin wani harshe da aka ƙirƙira don haka. Da harshen Python aka rubuta Django. Firamwok kuwa, kalmar da magina manhaja suka aro daga Turanci, ana nufin shiryayyen harsashi: wasu sun riga sun haƙa, sun zuba kankare, sun ja bututun ruwa da wayar wuta, kai kuma ka zo ka ɗora ɗakunan da kake so. Kusan kowane shafi mai rajistar jama'a yana buƙatar karɓar saƙo daga burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, da tantance kalmar sirri, da ajiye bayanai a rumbu, da aika imel. Maimakon kowane magini ya sake ƙirƙiro waɗannan daga tushe, firamwok ya miƙa masa su a shirye.

Ƙunshi folda ce da aka tara kod mai alaƙa da juna a cikinta, aka ba ta suna guda. API, haruffa uku da magina ke furtawa "e-pi-ai", su ne ƙofofin da aka buɗe wa mai amfani da firamwok: sunayen da zai kira, abin da zai miƙa musu, da abin da za su mayar masa. Kundin bayani kuma shi ne tarin rubutun da ke koyar da amfani da waɗannan ƙofofi, kamar ɗan littafin da ake sakawa a kwalin sabon janareta, sai dai na Django ya kai girman manyan littattafai da yawa.

Saura kalmar core da ke cikin sunan ƙunshin. Ma'anarta cibiya ko ƙwayar abu, kuma rabin ruɗanin daga gare ta yake, don a duniyar Django an yi amfani da ita ta fuska uku. Akwai ƙunshin django.core kansa. Akwai cibiya a ma'anar gundarin firamwok, saɓanin ƙare-ƙaren da ke cikin django.contrib kamar shafin gudanarwa da tsarin shiga da kalmar sirri, waɗanda mutum zai iya ɗauka ko ya bari. Sannan akwai tsohuwar tawagar cibiya, wato mutanen da ke da ikon shigar da kod, wadda aka rushe a 2020 aka maye gurbinta da zaɓaɓɓen kwamiti da wasu 'yan muƙamai. Wanda ya ji an ce "ba a rubuta bayanin cibiya ba", ya fara tambayar wace cibiyar ake nufi.

## Asali

Django ɗan gidan jarida ne. A ƙarshen 2003, a garin Lawrence na jihar Kansas ta Amurka, Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara gina shi don shafukan jaridar Lawrence Journal-World, inda labari ba ya jiran magini ya gama shiri. Jacob Kaplan-Moss ya shigo daga baya. A Yulin 2005 aka sake shi kyauta ga kowa, ɗauke da sunan makaɗin jita Django Reinhardt. Ana yawan danganta ingancin kundinsa da wannan asali, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen: wanda ya zauna cikin editoci ba zai ɗauki rubutu a matsayin abin da ake yi in an sami sarari ba.

Shekarar 2008 ce ta aza tubalin abin da ake gani yau. A cikinta aka kafa gidauniyar Django Software Foundation, aka sake wa kundin fasali gaba ɗaya, aka mayar da shi kan Sphinx, manhajar da Georg Brandl ya ƙirƙira don kundin Python. A watan Satumba siga ta 1.0 ta fito, kuma ta zo da alkawarin cewa ƙofofin da aka bayyana za su dawwama.

## Mene ne a cikin ƙunshin?

Wanda ya buɗe django.core yana tsammanin ganin zuciyar Django zai ɗan yi mamaki. Sashen da ke magana da rumbun bayanai yana django.db. Mai tsara fuskar shafi yana django.template. Fom-fom suna django.forms. Abin da ya rage a django.core ya fi kama da ɗakin ajiyar babban gida, inda ake samun turmi da igiyar guga da fitila wuri ɗaya don kawai kowa a gidan yana buƙatarsu. Akwai mail na aika imel. Akwai cache, ma'ajiyar wucin gadi da ke hana a maimaita aiki mai nauyi. Akwai management, wanda ke bayan umarnin manage.py da kowane ɗan koyo ke bugawa tun ranar farko. Akwai exceptions, jerin sunayen kurakurai irin su ValidationError, da validators masu duba ko abin da aka shigar ya dace, da paginator mai raba dogon jeri zuwa shafuka, da signing mai buga wa bayani hatimi don a gane in an taɓa shi.

Dukkan waɗannan an rubuta bayaninsu, wasu ma da tsawo. Abin da babu shi ne shafi guda mai taken django.core, saboda an tsara kundin bisa buƙatar mai karatu, ba bisa jerin folda ba. Mai son aika imel ba ya farawa da tambayar a wace folda abin yake. Tambayarsa ita ce yaya zai aika. Don haka aka kasa rubutun gida huɗu: darasin ɗan koyo da ke riƙe hannunsa har ya gina ƙaramin shafin ƙuri'ar jin ra'ayi, da bayanan batutuwa masu faɗin dalili, da jagororin warware takamaiman aiki, da kuma shafukan duba ƙa'ida, masu kama da ƙamus. Daniele Procida, ɗaya daga cikin masu aikin Django, shi ya fitar da wannan rabo a matsayin cikakken tsari, wanda daga baya ya raɗa wa suna Diátaxis, wasu manhajoji da yawa kuma suka ɗauka. Sakamakon haka, bayanin abu guda yakan warwatsu: yadda ake rubuta sabon umarnin manage.py yana cikin jagorori, jerin umarnin da ke akwai kuma yana cikin shafukan ƙa'ida. Wanda ya zo da sunan folda a hannu zai ga kamar an bar giɓi, alhali an ajiye kayan ne a wani ɗakin.

Giɓi na gaskiya yana wurare kamar handlers da servers, kuma da gangan aka bar shi.

## Rubutu a matsayin alkawari

Django yana da rubutacciyar manufa kan dawwamar ƙofofinsa, kuma gundarinta gajere ne: duk abin da kundin ya bayyana ana ɗaukarsa tabbatacce, ban da abin da ke sashen harkokin cikin gida. Tabbatacce a nan yana da ma'ana takamaimiya. Ba za a sauya wa abin suna ko wuri ba tare da an bar tsohon sunan yana aiki na wani lokaci ba. In an ƙara masa sabon abu, ƙarin ba zai lalata yadda yake aiki a da ba. In kuma dole ce ta sa a cire shi, sai an yi shela, an bar shi yana aiki tare da gargaɗi na aƙalla fitowa biyu. Uzurin da aka yarda da shi na tsallake wannan hanya shi ne ramin tsaro ko kuskuren da ba yadda za a gyara shi sai an fasa wani abu. Abin da kundin bai ambata ba, ko ya kira shi na cikin gida, ko sunansa ya fara da ɗan layin ƙasa kamar yadda al'adar Python ta tanada, ba ya cikin wannan rumfa. Ana iya sauya shi a fitowa ta gaba ba tare da sallama ba.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma a nan ana iya auna nauyin kayan da watanni. Shekara da shekaru Django yana fitar da sabuwar siga kusan kowane wata takwas, kuma bayan kowace shekara biyu ɗaya daga cikinsu takan zama mai dogon zango, wadda ake yi wa gyaran tsaro na kimanin shekara uku. Ke nan sakin layi ɗaya da wani ya ƙara a kundi yau yana iya ɗaure hannun masu kula da manhajar na shekaru.

Misali daga cikin django.core kansa zai fi fito da abin. Shekaru da yawa, mai son Django ya lissafa masa adireshin wani shafi yakan ɗauko reverse daga django.core.urlresolvers. A siga ta 1.10, ta Agustan 2016, aka kwashe kayan wannan sashe zuwa sabon gida, django.urls. Da a ce ba a taɓa rubuta shi a kundi ba, da ranar aka gama magana. Amma tunda an rubuta, sai aka bar tsohon sunan yana aiki a 1.10 da 1.11, yana fitar da gargaɗi ga wanda ya kunna ganin gargaɗi, ba a cire shi ba sai a 2.0, cikin Disambar 2017. Wanda ya tsaya a kan 1.11, mai dogon zango, ya ci gaba da samun gyaran tsaro har Afrilun 2020 ba tare da ya taɓa wannan layin ba. Duk wannan hidima saboda sauya wa abu ɗaya mazauni ne kawai.

Sai a kwatanta da handlers. Lokacin da aka fara koya wa Django karɓar buƙatu da yawa a tare ba tare da ɗaya ta tsaya jiran ɗaya ba, aikin da Andrew Godwin ya jagoranta, sai da aka taɓa wannan sashe sosai. Siga ta 3.0, a Disambar 2019, ta zo da sabuwar hanyar karɓar buƙata mai suna ASGI kusa da tsohuwar WSGI, sannan 3.1 a Agustan 2020 ta faɗaɗa abin har cikin hanyar da buƙata ke bi. An sami sukunin yin wannan tiyata ne saboda ba a taɓa yi wa kowa alkawarin yadda hanjin sashen zai kasance ba. Abin da aka yi wa alkawari shi ne bakin ƙofa, kamar get_wsgi_application, kuma yana nan yadda yake.

## Turbar da jama'a suka buɗe da ƙafarsu

Da a ce mutane suna tsayawa inda aka ce su tsaya, da maganar ta ƙare a nan. Ba sa tsayawa. Python ba ya kulle ƙofa; ɗan layin ƙasan nan roƙo ne kawai, kamar a jingina kara a bakin gona. Kod ɗin Django kuma a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya kira abin da ya ga zai yi masa amfani. Wani injiniya da ya yi aiki a Google, Hyrum Wright, ya shahara da lura da cewa in masu amfani da manhaja suka yi yawa, duk wata ɗabi'arta da ake iya gani sai an sami wanda ya dogara da ita, ko an yi masa alkawari ko ba a yi ba.

Labarin _meta shi ne babban misali a tarihin Django, ko da yake a django.db yake zaune. Wata 'yar taska ce da ke riƙe da bayanin kowane teburin bayanai: filayensa, sunayensu, da alaƙarsa da sauran tebura. Don amfanin cikin gida aka yi ta, shafin gudanarwa da fom-fom suna leƙa ta. Amma masu gina ƙare-ƙare na waje, har da manya irin su Django REST framework, ba su da wata hanyar samun wannan bayani, sai suka bi ta nan. A hankali turba ta zama hanya. A takarda ana iya sauya _meta kowane lokaci, a zahiri kuwa taɓa ta na nufin fasa ayyukan mutane masu ɗimbin yawa. Masu kula da Django suka wayi gari da nauyin alkawarin da ba su taɓa ɗauka ba, masu amfani kuma ba su da kundin da za su duba.

Mafitar da aka bi ita ce a amince da hanyar, amma sai an gyara ta tukuna. A 2014, ƙarƙashin shirin Google Summer of Code, Daniel Pyrathon ya sake tsara _meta, aka rage tarin sunayenta masu karo da juna zuwa ƙofofi kaɗan, musamman get_field da get_fields. A siga ta 1.8, Afrilun 2015, aka shigar da ita kundi. Tsofaffin sunayen, duk da ba a taɓa rubuta su ba, sai da aka yi musu shelar ritaya kamar sauran kafin a cire su. Abin lura a nan shi ne jerin matakan: gyara ya riga rubutu. Da an rubuta bayanin _meta yadda take a birkice, da an dawwamar da birkicewar.

## Inda masana suka saɓa

Masu ra'ayin a bar na'ura ta fitar da bayani suna da hujja mai ƙarfi. A Python ana iya rubuta gajeren bayani a jikin kowane yanki na kod, Sphinx kuma yana da hanyar tattaro waɗannan ya mayar da su shafuka. Harshen Java ya daɗe da irin wannan al'ada ta Javadoc. Amfaninta biyu ne: ba abin da ke kuɓucewa, kuma tunda bayanin yana manne da kod ɗin, wanda ya sauya ɗaya zai ga ɗayan a gabansa. Ruby on Rails, babban takwaran Django, yana fitar da shafukan ƙa'idarsa ta wannan hanya, sannan ya haɗa da jagorori rubutun hannu. Sai dai ko a can ba komai ake fitarwa ba. Akwai alamar nodoc da ake liƙa wa abin da ba a so ya bayyana, kuma abin da aka liƙa wa ita ba ya cikin alkawari. Wato Rails ma ya shata iyaka, bambancin kawai shi ne a jikin kod ya shata tasa.

Kaplan-Moss ya tsaya a ɗaya gefen. A jerin maƙalun da ya rubuta a 2009 kan rubuta kundi mai kyau, ya nuna cewa bayanin da na'ura ta tattaro ba shi da wani amfanin kirki, don yakan ba masu manhaja damar cewa suna da kundi alhali jerin sunaye kawai suke da shi. Jerin sunaye ba ya gaya wa mutum wanne zai fara kira, ko wanne ne tarko. Har yau mafi yawan shafukan ƙa'idar Django da hannu ake rubuta su.

Akwai ɓangare na uku, masu cewa kod shi ne bayanin da ba ya ƙarya, mai son sanin handlers ya je ya karanta. Gaskiya ne kod ba ya ƙarya game da abin da yake yi yau. Amma ba ya faɗin dalili, kuma ba ya bambance abin da aka yi da niyya da abin da ya faru bisa tsautsayi. Shawara ce mai sauƙi a bakin wanda ya shekara goma a cikin gidan.

Rubutun hannu ma yana da inda ya gaza, kuma an gani. Da aka kawo sabon salon gina shafuka a 1.3, cikin 2011, inda kowane yanki ke gadon ɗabi'u daga iyaye da kakanni da yawa, magina sun sha wahalar gano daga ina kowace ɗabi'a ta fito. Sai wasu daga waje suka gina shafin Classy Class-Based Views, wanda na'ura ce ke baje duk gadon kowane yanki a fili guda, kuma ya zama abin dubawar mutane da yawa. A wannan gaɓar masu ra'ayin na'ura ne suka yi gaskiya.

A ganina, matsayin Django ya fi dacewa da mai gina shafi, amma ya bar wani mutum a rana: mai son ya taimaka wa Django kansa. Sashen harkokin cikin gida na kundin ya fi mayar da hankali kan yadda ake ba da gudummawa, da tsarin shugabanci, da jadawalin fitowa da na ritayar tsofaffin ƙofofi. Bai zana taswirar yadda buƙata ke tafiya daga bakin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, har ta koma da amsa ba. Wannan ilimi yana cikin kod, da tsofaffin tattaunawa, da jawaban taruka, da kawunan mutane ƙalilan. Tunda manufar ta riga ta cire wannan sashe daga alkawari, akwai wurin da za a iya ajiye irin wannan taswira. Masu ɗari-ɗari da hakan za su ce mutane ba sa karanta gargaɗi, duk abin da suka gani a shafin hukuma za su ɗauke shi halal. Tarihin _meta yana goyon bayansu ta wata fuska, ta wata fuskar kuma yana nuna cewa rashin rubutu bai taɓa hana kowa shiga ba.

## Yadda ake rubutun

Kundin yana zaune ne a rumbu ɗaya da kod ɗin, cikin folda mai suna docs, kuma ƙa'idar ita ce ba a karɓar sabon abu sai ya zo da gwajinsa, da bayaninsa, da 'yan layuka a sanarwar fitowa. Ana sa alamar sigar da abu ya fara bayyana ko ya sauya, a goge alamar bayan fitowa biyu don kada shafi ya cika da tarihi. Kowace siga tana da nata kundin, kuma in mutum ya faɗa kan na sigar da aka daina kula da ita, akwai gargaɗi a saman shafin. Tun 2014 gidauniyar ke biyan wasu 'yan ma'aikata, Tim Graham yana cikin na farkonsu, don tace gudummawar da ke shigowa, har da ta rubutu.

Wata ƙa'ida ƙarama ta cancanci ambato. Jagoran marubuta kundin ya hana amfani da kalmomin da ke raina wahalar aiki, irin su "kawai" da "cikin sauƙi". Dalilin a fili yake: wanda ya kwana yana fama da abu, ya zo ya karanta cewa abin mai sauƙi ne, ba abin da ya ƙaru da shi sai jin kunya.

## Abin da ka iya biyo baya

Tasiri na farko yana kan tsaro. Wasu daga cikin layukan da suka fi muhimmanci a kundin gargaɗi ne: kada a yi amfani da ƙaramar sabar gwaji ta runserver wajen buɗe shafi ga jama'a, kada a bar DEBUG a kunne, kada a bari SECRET_KEY ya fita. Kod ɗin da ke django.core.servers, wanda runserver ke amfani da shi, ba zai hana kowa yin kuskuren farko ba. Mutum ne ya zauna ya rubuta kashedin, kuma irin wannan ne na'ura mai tattara sunaye ba ta iya samarwa.

Na biyu shi ne tsofaffin darussa da ke warwatse a intanet. Har yau ɗan koyo yakan kwafo layin django.core.urlresolvers daga wani darasi na shekarun baya, kwamfuta ta ce masa ba ta san wannan suna ba, ya zaci shi ne ya yi kuskure. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake tambaya yanzu sun koyi abin da suka sani ne daga rubutun shekaru daban-daban a gauraye, don haka suna iya haɗa tsohuwar siga da sabuwa, ko su ba mutum shawarar kiran wani abu na cikin gida don kawai sun gan shi a kod. Wannan ya ƙara wa kundin hukuma daraja a matsayin wurin tantancewa, tunda shi a rabe yake da lambar siga.

Na uku shi ne harshe. Da Turanci ake rubuta kundin, 'yan sa-kai kuma suna fassara shi ta dandalin Transifex zuwa harsuna kamar Faransanci, Japananci da harshen Indonesiya. Sakin layi-sakin layi ake fassarar, kuma da zarar an taɓa na Turancin, fassararsa ta faɗi sai an sake. Shi ya sa ake ganin shafi rabi Faransanci rabi Turanci. Duk shafin da aka ƙara, an ƙara wa kowace tawagar fassara aiki, kuma bayanin cikin gida, wanda ya fi saurin sauyawa, shi zai fi saurin tsufa. Fassarar kundi daban take da fassarar kalmomin da ke fitowa a fuskar manhajar, wadda ta fi sauƙi kuma ta fi yaɗuwa. A wannan ɓangaren akwai Larabci da Swahili, Igbo ma ya shiga a siga ta 3.1. Ga mai koyo a inda kuɗin data ke da tsada ko layin ke yawan yankewa, ana iya sauke kundin kowace siga gaba ɗaya a ajiye a kwamfuta.

Ga kamfani ko ma'aikatar da ke shirin gina shafin da zai daɗe, lissafin a bayyane yake. Siga ta 5.2, wadda ta fito a Afrilun 2025, mai dogon zango ce, za a kula da tsaronta har Afrilun 2028. Duk layin da magini ya rubuta yana kiran abin da ke cikin kundi, zai sami gargaɗi da wa'adi kafin a janye shi. Layin da ya kira wani abu daga cikin handlers kuwa, ranar ƙaura zuwa siga ta gaba sai an buɗe kod ɗin Django an duba da ido ko abin yana nan.